Ƙanina mai larurar otizim yana kwana kan wasan bidiyo

Tambaya: Ƙanina shekararsa 26, likitoci sun tabbatar yana da otizim, larurar da ke shafar yadda mutum ke sadarwa da mu'amala da mutane. Yakan shafe awa goma a kan wasan bidiyo, sai asuba yake kwanciya. Mu ƙwace na'urar ne?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ku ƙwace. Yawan awanni kaɗai ba ya nuna cuta. A kundin cututtuka na ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, abu uku ake dubawa kafin a ce wasan bidiyo ya zama cuta: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya ture sauran harkokinsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Galibi sai hakan ya kai wata 12 yana taɓa aiki, karatu ko zaman iyali.

Ga mai otizim, wasan wuri ne da dokokinsa ba sa canzawa. Babu karanta fuska, babu haɗa ido, shi ke rage ƙara da haske yadda yake so, kuma wataƙila abokansa na gaske suna can. Wanda aka raba da wannan dare ɗaya yakan fusata ko ya rufe kansa a ɗaki, damuwar da yake gudu tana nan. Da yawan masu otizim kuma barin abin da suka duƙufa a kai yana musu wuya, wasu ba sa jin yunwa ko gajiya sai ta yi tsanani. Ba taurin kai ba ne.

Ku fara da barci. Ku rubuta lokacin kwanciya, tashi da cin abinci na mako biyu, tare da shi, domin baligi ne. Sannan a riƙa matso da lokacin kashe wasa da minti 30 duk mako. A tsaya a ƙarshen zagayen wasa, ba a tsakiya ba, bayan tunatarwa saura minti 15 da saura 5. Rubutaccen jadawali ya fi faɗa da baki tasiri, kuma kowace awa da aka rage a cike ta da takamaiman abin da yake so.

A cire katin banki daga wasannin da ke sayar da akwatin sa'a, wato akwatin cikin wasa da ake saya da kuɗi ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Tun 2018 Beljiyam ta ɗauki irinsu a matsayin caca.

Idan ya daina wanka, ya bar aiki, ko ya ambaci kashe kansa, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba da jinkiri ba, a duba ciwon damuwa, fargaba da ADHD (larurar kasa tattara hankali da kasa natsuwa), domin sukan zo tare da otizim.