Amsa ga 'yata a kan kunyar ɗan fari da binciken da take shirin yi

'Yata Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, saƙonki ya same ni a nan Garwa. Kin ce malamin da ke duba kundinki na digiri na biyu a fannin halayyar ɗan Adam ya amince ki yi bincike a kan shaƙuwar jariri da mahaifiyarsa a gidajen Hausawan arewacin Kamaru, kuma da kika ba shi labarin cewa a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sai ya tambaye ki ko hakan ba ya raunana shaƙuwar. Kina son sanin yadda al'adar take, da ko har yanzu ana yin ta, da kuma ko gwajin auna shaƙuwar jariri da uwa da aka koya muku a Yawunde zai yi aiki a kan 'ya'yanmu. Tun da na yi shekaru ina koyar da tarbiyyar yara a makarantar horar da malamai kafin in yi ritaya, zan amsa miki da abin da na gani a cikin gidaje da abin da na karanta.

Kunyar ɗan fari tana somawa tun kafin a haife shi. Yarinya mai cikin fari ba ta faɗa da bakinta, sai dai manya su lura, kuma idan cikin ya tsufa ta koma gidan iyayenta goyon ciki, a can za ta haihu, a can za ta yi wankan jego na kwana 40, tana shan kunun kanwa, uwarta ko kakarta na kula da ita. Ran suna, a rana ta bakwai, za ki ga gida ya cika, kowa yana karɓar jariri, amma mai jegon tana gefe kanta a sunkuye kamar ba ita ta haifa ba. Daga nan ba za ta kama sunansa ba. Za ta ce «yaron nan» ko «wannan», ko ta bi laƙabin da kakanni suka sa masa. Idan ya yi kuka a tsakar gida alhali surukarta tana zaune, ba za ta zabura ba, sai an ce mata «ke, ɗauke shi ki ba shi nono», sannan ta ɗauka tana kawar da kai. Uban ma haka yake, ba ya ɗaukarsa a gaban nasa iyayen, kuma a gidajen da suka riƙe abin da ƙarfi, ɗa da uba suna iya tsufa ba su taɓa zama sun yi doguwar hira ba. Ke kanki 'yar fari ce, kuma ko da yake a Duwala kika tashi, ki tuna ko kin taɓa jin mahaifiyarki ta kira ki Hadiza a gabana.

Mutane da yawa suna cewa daga Fulani muka ɗauko ta, kuma duk wanda ya zauna a Garwa ko Marwa ko Ngaundere ya san cewa tasu kunyar ta fi tamu tsanani. Abin da na tabbata shi ne ba addini ba ce. Ya zo a cikin Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuwa ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya nuna masa cewa wannan ba abin alfahari ba ne. Saboda haka kada ki rubuta a kundinki cewa Musulunci ne ya hana uwa kallon ɗanta, domin na sha ganin baƙi suna haɗa biyun.

Ma'anarta a wurina ita ce, yarinyar da aka aurar jiya tana nuna wa manyan gida cewa haihuwa ba ta sa ta ɗaga kai ba, kuma ɗan ba nata ba ne ita kaɗai. Ita wannan kunyar, domin idon mutane ake yin ta. Da dare a ɗaki, uwar nan da ta kawar da kai da rana ita ce take kwana da shi a jikinta, tana ba shi nono duk lokacin da ya motsa, ita ce ta fara jin zafin jikinsa kafin kowa ya ankara. Da rana kuma wasan da ta ƙi yi masa ba ya rasa mai yi. Kakarsa tana kiransa maigidanta, tana yi masa tawai, idan kuwa mace ce ta ce kishiyarta ce ta zo ƙwace mata miji. Ƙannen uba da abokiyar zaman uwa da 'yan matan gida duk suna goya shi, har ya zama da wuya ki ga ɗan fari a ajiye a ƙasa shi kaɗai. Sau da yawa ma shi ne shagwaɓaɓɓen gidan.

Yanzu ki dubi gwajin naku da wannan idon. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki tare da John Bowlby na Ingila, ita ta tsara shi a Baltimo ta Amurka: a kai uwa da ɗanta mai kimanin shekara ɗaya wani ɗaki da bai sani ba, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita ta dawo har sau biyu, a wani lokaci ma a bar yaron shi kaɗai, duka a cikin minti 20 ko kusa da haka, sannan a duba yadda ya tarbi uwar da ta dawo. Akwai kuma ma'auni na biyu da ake ɗora wa uwar, na yadda take saurin gane buƙatar ɗanta ta biya masa. To, ki kawo mai ɗan fari daga unguwar Hausare, ki zaunar da ita a gaban baƙuwa 'yar boko da kyamara, wato daidai wurin da kunya ta fi kama ta. Za ta dawo ɗakin ta tsaya, ba za ta miƙa hannu ba, ba za ta dube shi ba, kuma mai cike takarda zai rubuta cewa uwa ce mai sanyin zuciya. An auna hatsinmu ke nan da mudun wata kasuwa. Ban da haka, wa ya ce uwar ce ya kamata a kawo? A gidaje da yawa, idan yaron ya firgita, bayan kakarsa yake nema.

Ba ni na fara lura da wannan ba. A 1977 an buga wani bincike da Robert Marvin ya yi tare da Robert LeVine da Sarah LeVine da wasu a kan jarirai 18 na Hausawa a Najeriya, kuma sun tarar cewa kowane jariri yana da masu renonsa kamar uku ko huɗu da ya shaƙu da su, sai dai akwai guda da ya fi nema, yawanci wadda ta fi ɗaukarsa a jiki. Ki nemi wannan aikin ki kai wa malaminki, domin shi ne ya fi kusa da naki. Ita kanta Ainsworth ba a Amurka ta fara ba. A 1954 da 1955 ta zauna a Yuganda tana shiga gidajen mutane kusa da Kampala tana kallon iyaye mata da jariransu, kuma ta lura cewa yaran can tafa hannu suke yi idan uwa ta dawo, ba runguma da sumba ba kamar yaran Amurka. Wato sai da ta yi zaman gida ta san mutanen kafin ta gina ɗakin gwaji, abin da ɗalibai da yawa suke tsallakewa yau don gaggawar kammala kundi.

Ba ina nufin gwajin bai da amfani a Afirka ba ne. An yi shi a cikin Dogon na ƙasar Mali, aka buga a 2001, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na yaran sun fito a rukunin masu natsattsiyar shaƙuwa, ba a sami ko ɗaya a rukunin masu kauce wa uwa ba. A nan ƙasarmu kuma Heidi Keller, wadda ta koyar a Jami'ar Osnabruk a Jamus, ta daɗe tana aiki a cikin manoman Nso na wajen Kumbo, inda ta nuna cewa uwa a can tana son ɗa mai natsuwa wanda zai yarda da hannun kowa, kuma ta soki ɗora gwajin a kan kowace al'umma ba tare da duba ba. Marigayi Bame Nsamenang, ɗan Nso ɗin ne shi ma, wanda ya rasu a 2018, ya yi rayuwarsa yana cewa a fahimci tasowar ɗan Afirka a cikin danginsa. Masana ba su gama jayayya a kan wannan ba, kuma ba a nemi ki raba musu gardama a kundin digiri na biyu ba. Abin da ya fi ƙarfinsu ke kuwa kina da shi, shi ne za ki iya zama a tsakar gida tun daga kunun safe har tuwon dare ba a ɗauke ki baƙuwa ba.

Shawarata ita ce ki fara da wannan zaman. Ki riƙa lura, lokaci bayan lokaci, a hannun wa yaron yake, wa ya fara ɗaukarsa idan ya yi kuka, wurin wa yake rarrafawa idan baƙo ya yi sallama, da kuma yadda uwar take idan surukarta ta fita unguwa. Ki haɗa 'ya'yan fari da masu bi musu, domin uwa ɗaya ce za ki ga tana kunyar babban tana yi wa na uku rawa, kuma wannan bambancin shi ne zuciyar bincikenki. Idan daga baya malaminki ya nace sai an yi gwajin ɗaki, sai ki yi shi kin riga kin san wa za ki kawo da abin da shirun uwar yake nufi. Ki sani kuma cewa uwa Bahausa ba ta saba barin ɗan shekara ɗaya shi kaɗai yana tsala kuka ba, don haka ki ba ta ikon komawa da zarar ta ji ba za ta iya ba.

Sai dai kada son gida ya sa ki wanke al'adar tas. Akwai yaye, wanda bisa al'ada rana ɗaya ake yi: a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, ko a shafa abu mai ɗaci a nono, alhali jiya a jikin uwarsa ya kwana. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, amma sabon ciki yakan sa a yaye tun kafin nan, kuma na ga yaran da suka rame, suka daina wasa na makonni. Ɗan fari shi aka fi bari a can bayan yayen, ya zama ɗan riƙo. Wanda ya faɗa hannun kaka mai tausayi ya dace, amma na koyar da waɗanda suka girma a gidan riƙo suna aikin gida kamar bayi, kuma na san manyan mata da har yau suke jin ciwon cewa mahaifiyarsu ba ta taɓa dubansu ta yi murmushi ba. A ganina kunyar ba ta cutar da yaro muddin gidan cike yake da masu ɗaukarsa. Inda nake jin tsoro shi ne gidan haya mai ɗaki biyu, babu kaka babu goggo, uwa kuma ta riƙe kunyar da ta gada. Ban ga wanda ya auna wannan ba a garuruwanmu, kuma da ni ce ke, nan zan sa ido.

Game da ko ana yi har yanzu, ana yi, amma ta yi laushi. 'Yan matan da suka yi makaranta suna sa hoton ɗan fari a WhatsApp ran suna, wasu ma suna kiran sunan, kodayake da yawansu idan suka shiga gaban surukai sai tsohuwar ɗabi'ar ta dawo. Ki tambayi kowace uwa shekarunta da karatunta da wanda take zaune da shi, kada ki tara kowa a rukuni guda da sunan Hausawa.

Saura maganar shiga gidaje. Takardar jami'a ba za ta buɗe miki zaure ba. Za a fara da gaida Sarkin Hausawa da mai unguwa, kuma mahaifinki ko kawunki ne zai yi wannan, sannan a nemi izinin maigida, sannan babbar matar gidan, kafin ki isa ga mai jaririn. Idan abokin aikinki namiji ne, iyakarsa zaure. Kada ki tambayi uwa sunan ɗanta na fari, ki tambayi kakar ko wata yarinya a gidan. Kada ki yaba ƙibar jariri ko wayonsa ba tare da tubarkalla ba, domin idan ya kwana da zazzaɓi za a ce bakinki ne, kuma gidajen unguwar duka za su rufe. Wasu tsofaffi ba sa son a ƙidaya musu 'ya'ya, sai ki bi ta sunaye ɗaya bayan ɗaya. Takardar amincewa ki karanta musu ita da Hausa ko Fillanci a gaban shaida, ki faɗa musu a fili cewa ba magani kika kawo ba, ba kuma rajistar tallafi ba ce, domin mutanenmu sun saba ganin masu takarda suna zuwa da alkawari. Kyamara kuwa ki bar ta a jaka har sai an saba da ke, kuma duk wadda ta ƙi hoto a bar ta da ƙinta.

Idan kin sami hutu ki zo bayan damina, lokacin da hanya ta yi kyau kuma zafin Garwa bai taso ba. Zan haɗa ki da wata tsohuwar ungozoma a unguwarmu wadda ta karɓi haihuwar yawancin iyayen da za ki yi magana da su, ita za ta yi miki jagora. Ki turo mini tambayoyin da kika tsara in duba Hausarsu kafin ki buga. Ki gaida mahaifinki da mahaifiyarki da ƙannenki.

Goggonki