Tambayoyinku kan Fasaha: Kiɗa Mai Tayar da Tsikar Jiki, da Yadda Waya Ke Yi Masa Ƙwange

Tambayoyin wannan karon sun taru ne a kan irin kiɗan nan da ba shi da baiti ba shi da amshi, wani lokaci ko ganga babu, sai dogon gunji, ko ƙarar ƙarfe can nesa, ko muryar da aka ja ta har ta daina kama da ta mutum. Masu finafinan ban tsoro da wasannin kwamfuta sun daɗe suna aiki da shi, akwai kuma masu yin sa don kawai a zauna a saurara. Wayar hannu kuwa an ƙera ta ne domin muryar mutum da waƙoƙin da kowa ke ji, shi ya sa duk inda wannan kiɗa ya bi ta cikinta sai ta rage masa wani abu.

Malam, na ga bidiyon wani tsohon gini da aka yi watsi da shi, an sa masa wani kiɗa mai faɗar da gaba. Na kara wa Shazam ya fi a ƙirga, kullum sai ta ce ba ta gane ba. Manhajar ce ta lalace ko wayata?

Duk lafiyarsu ƙalau, ɗan'uwa. Shazam, manhajar gano sunan waƙa, wadda ta fara aiki a Birtaniya a 2002 kafin Apple ya saye ta a 2018, ba ta sauraron kiɗa yadda kake sauraro. Tana ɗaukar 'yan daƙiƙu na sautin ta zana taswirarsa, wato wane amo ne ya fi ƙarfi a wane lokaci. Daga nan sai ta tsinci wuraren da sautin ya yi tsini, irin su bugun ganga ko inda aka taɓa tsirkiya, ta haɗa su bibbiyu, ta auna tazarar da ke tsakaninsu. Wannan ne zanen yatsan waƙar, shi take kaiwa rumbunta ta gwada da na sauran. To kiɗanka amo ɗaya ne ake ta jan sa minti uku, yana kumbura yana sacewa a hankali. Tsinin da za ta kama ba shi da yawa, kuma wanda ta kama ɗin ya yi kama da na wasu kaɗe-kaɗe barkatai.

Akwai wasu dalilan guda biyu. Masu irin wannan kiɗa da yawa da kansu suke ɗora shi a intanet, bai taɓa shiga rumbun Shazam ba balle ta san shi. Sannan masu haɗa bidiyo suna da ɗabi'ar rage wa waƙa gudu su ƙara mata amsa-kuwwa. Da zarar an rage gudu, kowane amo ya sauka ƙasa, tazara ta buɗe, zanen yatsan ya tashi daga aiki.

Kada ka kara mata farkon bidiyon. Ka jira inda aka kaɗa ƙararrawa ko aka taɓa fiyano, ko da sau uku ne. Kuma ka bar ta ta saurara daga cikin wayar da ke kunna bidiyon maimakon ta iska daga wata wayar, domin tana iya hakan a Android da iPhone. In kana zargin an rage gudu ne, ka fitar da sautin ka buɗe shi a kwamfuta da manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka ƙara masa gudu kaɗan-kaɗan, kashi 10 cikin ɗari, sannan 20, kana gwadawa. Hanyar nan ta rera wa Google waƙa da baki, da aka fito da ita a 2020, ba za ta yi maka rana ba, don tana buƙatar karin da za a iya rerawa. In duk sun ƙi, ka duba sunan sautin a ƙasan bidiyon, ko ka tambayi wanda ya ɗora. Mutane na raina wannan hanyar, alhali sau da yawa ita ke fisshe ka.

Ƙawata ta turo min wani kiɗa ta ce ya hana ta barci. Na kunna, ban ji komai ba sai wani shuuu kamar iska. Ko dai ni ce ba ni da kunnen abin?

'Yar'uwa, ina da yaƙinin da lasifikar waya kika kunna. Kunnen mutum mai lafiya yana ji daga wajen haz 20 zuwa haz 20,000 (haz shi ne ma'aunin amo, ƙaramar lamba amo mai kauri, babba kuma siriri), kuma abin da ke danne ƙirji a irin wannan kiɗa yana can ƙasa ne, haz 30, 40, 60. Fitar da amo mai kauri haka sai an tura iska mai yawa, lasifikar waya kuwa 'yar mitsitsiya ce, tun daga wajen haz 200 zuwa ƙasa ta fara sarewa. Saman kiɗan kika ji, jikinsa bai fito ba. Ki sa iyafis, ko da mai araha ne, in dai robar ta toshe kunne sosai.

Ki kuma leƙa saitin wayar, sashen taimaka wa masu lalurar ji da gani, ki tabbata "Mono audio" a kashe yake. In yana kunne, wayar za ta gauraya hagu da dama wuri guda, takun da ya kamata ki ji yana zagayowa ta bayanki sai ya tsaya cak a tsakiyar kai.

Sai dai ki kula da ƙara. Makaɗan nan suna son su fara shiru-shiru har ki ƙure maɓalli, can a minti na bakwai kuma su saki wata ƙara kwatsam. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Karon farko ki bar maɓallin a tsakiya har ki san halin kiɗan.

Na fara son irin wannan kiɗa, amma YouTube guda biyar ɗin nan yake ta maimaita min. A ina ake samun sababbi, Malam?

Injin da ke zaɓo maka abin kallo yana bin sawun jama'a ne: waɗanda suka saurari wannan, me suka saurara bayansa? Kiɗan da mutum ɗari biyu kacal suka taɓa ji bai bar sawun da za a bi ba, don haka ba zai zo maka da kansa ba, sai ka je.

Ni dai Bandcamp, shafin sauraro da sayen kiɗa, nake fara tura mutum. Tun 2008 yake aiki, kuma makaɗa da kansu ke ɗora kayansu su liƙa musu alamomin da suka ga dama. Kalmomin da za ka rubuta a wurin bincike na Turanci ne, ba makawa: "dark ambient", "drone", "field recording", "musique concrète", "hauntology". In ka sami faifai guda da ya kwanta maka, kada ka tsaya a kansa. Ka gangara ƙasan shafin ka danna alamominsa ɗaya bayan ɗaya. Ka duba ɗan kamfanin da ya fitar da shi, domin ƙananan kamfanonin nan galibi mutum ɗaya ne ko biyu ke zaɓen abin da za su fitar, in kunnenku ya zo ɗaya to ka sami ma'adana. Akwai kuma 'yan hotunan waɗanda suka sayi faifan a jere a shafin. Danna kowanne, za ka ga duk abin da mutumin ya tara. A ganina wannan ya fi kowane inji, don wanda ya cire kuɗinsa ya sayi minti arba'in na gunji ba da wasa yake ba.

Bayan nan sai Internet Archive, wani rumbun ajiya na intanet wanda aka kafa a 1996. Yana da sashe guda na kamfanonin da ke raba kiɗa kyauta ta intanet, ana kiran sashen "Netlabels", kuma wannan nau'in ya yi yawa a ciki. Discogs kuma, shafin da ke tara bayanan fayafayan kiɗa, ya fi amfani wajen bin salsala: wa ya yi aiki da wa, a wace shekara. In ka bi salsalar da nisa za ka ga abin ba na jiya ba ne. Tun 1948 Pierre Schaeffer yake naɗar ƙarar jiragen ƙasa a Faransa yana yanka ta yana harhaɗawa, a 1958 kuma BBC ta buɗe ɗakin gwajin sautinta inda Daphne Oram, daga baya kuma Delia Derbyshire, suka yi ta yanka zaren kaset da reza suna liƙawa.

Bari in ɗan kauce, don akwai abin da ba kiɗa ba ne amma masu son wannan fanni suna zuwa gare shi. Jami'ar Twente da ke Holan tana da rediyon gajeren zango da ta jona da intanet, kowa na iya murɗa ta daga shafinta. Ka nemi "Twente WebSDR", ka rubuta 4625 a gurbin mita. In yanayi ya yi kyau, musamman da dare, za ka ji wata tashar Rasha da ake kira UVB-76 tana ta ƙugi, ta yi ta tsaya, ta yi ta tsaya, shekara da shekaru. Jefi-jefi ƙugin kan yanke, wata murya ta karanto sunaye da lambobi da Rashanci, sannan a ci gaba.

In kuwa ba ka so wannan yawon ya dagula maka abin da manhaja ke kawo maka kullum, Spotify na da "Private session", YouTube kuma ana iya dakatar da tarihin kallo kafin a shiga.

Na tura wa abokaina irin wannan kiɗa ta WhatsApp, suka ce wani ƙurrr-ƙurrr suke ji kamar a cikin ruwa. A wajena kuwa garau yake.

In ka kara waya a lasifika ka naɗa da saƙon murya ne, to nan aka yi ɓarnar. Saƙon murya an tsara shi ne don magana: kunne ɗaya ne, an matse shi sosai, kuma duk wani amo mai tsawo da ba ya canzawa waya na iya ɗaukar sa hayaniyar wuri ta yi ƙoƙarin share shi. Wato ainihin kiɗan take sharewa. Sa shi a bidiyo ko a sitatus ma sai an sake matse shi.

Mafi sauƙi ka tura adireshin shafin. Ba ya cin data a wajenka, abokanka za su ji shi yadda mai shi ya ɗora, shi ma ya san an saurara. In dole sai fayil, ka tura shi a matsayin "Document", WhatsApp ba ya taɓa abin da aka turo ta nan, kuma yana karɓar har gigabait 2. Ka dai yi lissafi: MP3 mai lambar inganci 128 yana cin kusan megabait 1 a minti, mai 320 kusan 2.4, WAV mai ingancin faifan CD kuwa kusan 10. Kiɗan awa guda a WAV ya kai megabait 600, ka ji tausayin wanda zai sauke.

Kafin ka raba fayil, ka duba ko mai shi ya yarda. Da yawa suna sa lasisin Creative Commons, wanda ke ba ka damar rabawa in ka ambaci sunansu. Wanda bai sa ba, adireshi kawai za ka tura. Manhajojin nan kuma da ake saukewa daga gefen hanya masu alkawarin kowace waƙa kyauta, ka nisance su. In ka ga manhajar kiɗa tana neman izinin karanta saƙonninka, ba kiɗa ya kawo ta ba.

An ce akwai sautin da kunne ba ya ji amma yana sa mutum ganin fatalwa. Ina tsoron kada ƙanena ya kunna irinsa a waya.

Labarin yana da tushe. Wani injiniya ɗan Ingila, Vic Tandy, ya rubuta a 1998 cewa a ɗakin aikinsu mutane kan ji faɗuwar gaba, shi kansa ya ga wata inuwa toka-toka ta gefen ido. Daga baya ya gano wata fankar fitar da iska ce ke sakin amo na kusan haz 19, ƙasa da inda kunne ke kamawa. Da aka gyara fankar abin ya daina. Labarin ɗaki guda ne dai, bai zama hujjar cewa kowa zai ga wani abu ba. Lasifikar wayar ƙanenki kuwa, wadda haz 100 ma ke gagara, ba ta da ƙarfin fitar da 19. Bidiyoyin da ke wannan iƙirari suna dogara ne da dabarun da kunne ke ji sarai, kamar amo biyu da aka ɗan karkace su suna gogar juna, ko sautin da Roger Shepard ya bayyana a 1964 wanda ake jin kamar yana ta hawa ba ya kaiwa. Ki fi damuwa da ƙarar iyafis ɗinsa da kuma ƙarfe nawa yake kwanciya.

Ni ma ina so in gwada haɗa nawa, amma ban iya kaɗa komai ba.

Ba sai ka iya ba. Ka naɗi daƙiƙa 30 na ƙofa mai ƙara, ko cokali a bakin kofin gilas, ko muryarka kana jan wasali guda. Ka yi da manhajar naɗar sauti ta wayar, in tana da saitin rage hayaniya ka kashe shi, in tana ba da zaɓin WAV ka zaɓa. Sai ka kai kwamfuta ka buɗe da Audacity. Kyauta ce, kuma ta kwamfuta ce kaɗai, don haka masu irin sunanta a shagon manhajojin waya ba ita ba ce. A jerin "Effect" akwai Paulstretch, dabarar da Paul Nasca ya ƙirƙiro, wadda ke jan sauti ba tare da ta saukar da amonsa ba. Ka bar lambar a 10, daƙiƙa 30 ɗin nan za ta koma minti 5 na wani abu da kai kanka ba za ka gane daga ƙofa ya fito ba. Ka kwafi layin, ka saukar da amon kwafin kaɗan, ka kunna su tare. In kana neman ƙarin sautuka, shafin Freesound, wanda wata jami'a a Basalona ta buɗe a 2005, cike yake da su, kowane da lasisinsa a rubuce a gefe. In ka gama, ka ajiye WAV ɗin a wajenka, ka fitar da MP3 mai 320 domin turawa.