Sulallan gandun dajin Amurka

Tambaya: Malam, wace daraja sulallan Amurka masu hoton namun daji suke da ita?

Amsa: Daga 2010 zuwa 2021 ma'aikatar buga kuɗin Amurka ta fitar da sulalla iri 56 na kwatar dala, kowanne yana tuna wani gandun daji ko wurin tarihi. Na Yellowstone, gandun da aka kafa a 1872, yana ɗauke da ɓaunar Amurka, na yankin Samowa na Amurka kuwa jemage ne rungume da ɗansa, kuma a ganina ya fi sauran kyau. Da yake an buga su da yawa, waɗanda suka zaga hannu ba su cika wuce darajarsu ta asali ba. Masu tarawa sun fi neman na azurfa da waɗanda ba su goge ba.