Stihl, Husqvarna ko ɗan China: wane injin yankan itace zan saya?

Tambaya: Ina aikin sassabe da sare bishiyoyi a gidaje da makarantu a nan cikin Kano, yawanci darbejiya, turare da mangwaro. Na gaji da haya. Wasu sun ce Stihl, wasu Husqvarna, wasu kuma sun ce ɗan China ya ishe ni. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, kafin sunan kamfani, fara duba ajin injin. Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin kowannensu yana ƙera iri biyu: na aikin gida da na 'yan sana'a. Na gida, irin su Stihl MS 180 mai cc 32 (cc ma'aunin girman injin ne), jikinsa roba ce mai tauri, an yi shi ne don rassa da ƙananan itatuwa. Na sana'a kuwa gidan injinsa na ƙarfen magnesiyam ne, yana jure zafi, kuma makanike zai iya kwance shi ya sauya fistin da ringi ya mayar.

Ga irin aikinka, ajin cc 70 ne daidai, wato Stihl MS 382 mai cc 72, ko Husqvarna 372 XP mai kusan cc 71. Ƙarfinsu ya yi kunnen doki. Husqvarna yana da saurin juyi da sauƙin jijjiga a hannu, kuma yana watsar da yawancin garin katako kafin iska ta kai ga matatar iskar injin, abin da ke da amfani ƙwarai a lokacin hunturu. Stihl kuwa makanikai sun fi sanin cikinsa, kuma sarƙarsa, wadda kamfanin ke ƙerawa da kansa, tana riƙe kaifi. Ni Stihl zan nuna maka, don dalili ɗaya: kayan gyaransa sun fi samuwa. Ka zagaya Sabon Gari da Ƙofar Ruwa ka tambayi fistin, kafireto, kuloci da sarƙar samfurin da kake so. Wanda aka miƙo maka kayansa nan take, shi za ka saya.

Za a yi ta zuga ka kan Stihl 070, wanda masu tsaga katako a daji ke ji da shi. Yana da cc kusan 106, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba, kuma tsohon samfurinsa ba shi da birkin sarƙa. Ga tsaga gungumen maɗaci ba shi da na biyu, amma yanke rassa da shi a tsakar gida, kusa da katanga da wayar lantarki, ganganci ne.

'Yan China masu lamba 5200 da 5800 suna yanka, kuma arha ne. Inda suke gazawa: igiyar tayarwa da sifirin ɗinta, famfon man sarƙa, da kafireto da ke yawan sauya saiti. Na aikin jefi-jefi ne. Wanda ya fi su cutarwa shi ne jabu da aka manna wa sunan Stihl, musamman samfurin 070 da MS 381. Ka duba lambar siriyal da aka buga a jikin ƙarfen, ka nemi rasit da garanti. Farashin da ya yi ƙasa fiye da kima ma shaida ce.

Yawancin injinan da ke mutuwa, haɗin mai ne ke kashe su. Stihl da Husqvarna suna son kashi 50 na fetur da kashi 1 na man 2T mai kyau, wato mililita 100 a lita 5. Yawancin 'yan China kashi 25 da 1 aka rubuta musu, mililita 40 a kowace lita. In man ya yi kaɗan, fistin zai karce silinda ya kame. Kada ka zuba konannen baƙin mai a tankin sarƙa, dattinsa yana cinye famfo. Ka tsabtace matatar iska kullum bayan aiki. Sarƙar MS 382 kuma ana wasa ta da zagayayyen magagari na milimita 5.2 a kwana digiri 30, da zarar ka ga tana fitar da gari maimakon ɓarɓashi.

Ka ware kuɗin hular kwano, tabarau, abin toshe kunne da takalmi mai ƙarfi a cikin lissafinka, kuma ka nemi izinin hukuma kafin ka kayar da bishiyar bakin titi.