Wacce zan ce masa ya ɗauka, Kawu?

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya na ce ka bari sai na sami natsuwa. Mutumin nan da ya shigo da dala 400, ya ce yana neman ƙaramar bindiga da zai riƙa ɗaurawa a ƙugu saboda aikin dare yake yi, ya ɗora yatsa a gilashi ya nuna guda uku: Taurus G3C, da Ruger EC9s, da Smith & Wesson Shield. Ya ce ka zaɓa masa. Kai kuma ka waiwayo ka ce, "Kawu, wacce zan ce masa ya ɗauka?" Na ji daɗi da ba ka yi gaggawar ba shi amsa ba, domin a wannan sana'a tamu amsar gaggawa tana iya cin rai.

Kafin ka dubi bindigar, dubi hannun mutumin. Shekarun da na yi ina kwance bindigogi a nan Houston sun nuna mini cewa yawancin masu zuwa sayen ta farko suna ɗaukar mafi ƙanƙanta, a ganinsu ƙarama ta fi sauƙin sarrafawa. Ƙarama ta fi sauƙin ɓoyewa a ƙarƙashin riga, wannan gaskiya ne, amma ita ce ta fi wuyar harbi. Ka san yadda take aiki, ka sha kwance ta a gabana. In harsashi ya tashi, ƙarfinsa ne yake tura silaid, wato ƙarfen saman bindigar mai zamewa, baya, ya tofar da ƙwanso, sannan sifirin ya dawo da shi gaba ya ɗebo wani harsashin daga gidansa. To, idan silaid gajere ne mara nauyi, gudunsa ya fi yawa, sai a sa masa sifirin mai tauri don ya tare shi. Shi ya sa ƙananan suke da wuyar ja da hannu, shi ya sa kuma suke shuri kamar jaki. Harsashin 9mm ɗin da bindiga mai ɗan girma irin Glock 19 take haɗiye ƙarfinsa da nauyinta, in ka sa shi a bindigar da ba ta wuce rabin kilo ba, tafin hannunka ne zai sha sauran.

Akwai abin da nake so ka riƙa lura da shi in an kawo maka gyara. Mutum zai zo ransa a ɓace, ya ce bindigarsa tana shaƙewa, ƙwanso yana maƙalewa a tsaye a bakin ramin fita. Kada ka fara ɗauko kayan aiki. Kai shi filin harbi ka tsaya a gefensa ka kalli wuyan hannunsa. Sau da yawa za ka ga ɗan yatsansa ƙarami yana reto a iska don mariƙin gajere ne, wuyan hannun kuma yana lanƙwasa da kowane harbi. Hannun ya sha ƙarfin da ya kamata silaid ya samu, sai ya kasa kaiwa ƙarshen tafiyarsa. Bindigar lafiyarta ƙalau, hannun ne bai dace da ita ba. Wata dattijuwa ta taɓa kawo mini wata da ɗanta ya saya mata, ta sa hannu biyu, ta haɗa da ƙirji, fuskarta ta yi ja, silaid ko motsi bai yi ba. Wata takwas tana yawo da ita a jaka. Na fita da ita na ba ta Shield EZ, wadda aka yi wa sifirin mai laushi musamman don irin hannunta, ta ja ta da yatsu uku. Har yau in na tuna watanni takwas ɗin nan sai gabana ya faɗi.

Yanzu ga ukun da ya nuna. EC9s ita ce mafi araha kuma mafi siranta, harsashi 7 take ɗauka a gida. Abin da aka rage don a sauko da kuɗinta shi ne saiti, abin da ake auna harbi da shi: an sassaƙa shi ne a jikin silaid, ba ya cirewa, ba ya canzuwa. In idon mutum ya fara rauni, ko yana son saiti mai haske da dare, ba abin da za mu iya yi masa cikin sauƙi. Shield ta fito a 2012 kuma ta daɗe tana mulkin wannan kasuwa, siririya ce, kaurinta bai kai inci ɗaya ba, gida ɗaya na 7 ɗaya na 8. Kubenta da kayan gyaranta suna ko'ina, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, don bindigar da ba a samun sifirinta bayan shekara biyar ta zama ƙarfe kawai. G3C ta kamfanin Brazil ce, ta fito a 2020, ta fi su kauri da nauyi, amma 12 take ɗauka, mariƙinta yana cika hannu, kuma ramin saitinta daidai yake da na Glock, in ya so canji sai mu canza masa.

Ka san dalilin da ya sa waɗannan sirara suka yi sauƙin kuɗi haka? A 2018 SIG Sauer ta fitar da P365, ta cusa harsashi 10 a jikin da da can 6 ko 7 yake ɗauka. Springfield ta biyo da Hellcat a 2019 mai 11, Smith & Wesson ma ta fitar da Shield Plus a 2021 mai 10 da 13. Kowa ya koma can, tsofaffin suka sauko. Ba lalacewa suka yi ba, yayinsu ne ya wuce, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ya ci ribar hakan.

Zai iya tambayarka Ruger LCP ta .380, don tana shiga aljihu kamar waya. Faɗa masa gaskiya: nauyinta bai kai giram 300 ba, harbinta ba daɗi, harsashinta ya fi na 9mm tsada, kuma wanda harbi ke yi wa ciwo ba ya komawa atisaye.

Inda na fi so ka riƙe shi ne maganar kuɗin. Dala 400 ɗin nan ba kuɗin bindiga ba ne, kuɗin ɗaukar bindiga ne, kuma akwai tazara tsakaninsu. Yana buƙatar kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, irin na robar Kydex, wanda in ka kife shi ƙasa bindigar ba ta faɗowa. Irin na yadi mai laushin nan da ake sayarwa da arha, bakinsa yana naɗewa ya shiga wajen kunama lokacin mayarwa, da shi mutane suke harbin cinyarsu. Yana buƙatar ɗamara mai ƙarfi. Yana buƙatar harsashin gwaji. Ƙa'idata a shagon nan, ban yarda mutum ya dogara da sabuwar bindiga ba sai ya harba 200 na atisaye, sannan ya bi da kwali ɗaya na ainihin wanda zai riƙa ɗauka, mai rami a baki, don wata bindigar tana cin mai zagayayyen kai lami lafiya amma ta ƙi wancan. Kuma kowane gidan harsashi a gwada shi daban. Rabin shaƙewar da na gyara a rayuwata daga gidan harsashi ta fito, musamman na jabu da ake saya don ragin dala goma, leɓensa ya buɗe ya saki harsashi kafin lokaci. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado kaɗai take hanawa ba.

Saboda haka ga hukuncina a kan wannan mutumin. Na ga hannunsa lokacin da ya dafa gilashi, babba ne, yatsu masu kauri. EC9s za ta ɓace a tafinsa. Da dala 600 ya zo, da na tura shi ga Shield Plus ban ƙara magana ba. Da 400, G3C na fi so masa, don tana sayuwa ƙasa da 300, ragowar ta ishe shi kube da harsashin gwaji. Amma ko wannan ba za ka faɗa masa ba sai ya harba su da hannunsa, gani ya kori ji. In Shield ta fi zauna masa, ya ƙara haƙuri wata guda ya tara kuɗin kube, kada ya fita da ita tsirara a aljihu.

Sai maganar doka, wadda ba na wasa da ita. Tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta yarda wanda ya kai shekara 21 ya ɗauki bindiga ba tare da lasisi ba, amma ni har yanzu ina tura kowa ajin lasisin. Awa huɗu ne zuwa shida da gwajin harbi, a nan zai ji inda aka hana shiga da ita da lokacin da doka ta yarda a zaro ta. Fom 4473 na sayen bindiga shi da kansa zai cika, a bincika sunansa a NICS, tsarin gwamnatin tarayya na tantance masu sayen bindiga. In ka ga wani ne ke nunawa wani ke cikawa, ajiye biro ka kira ni. 'Yan uwanmu da suka zo karatu ko ziyara da biza, dokar tarayya ta hana yawancinsu mallaka, ka faɗa musu cikin mutunci. Wanda kuma ya ce zai saya ya aika gida, amsa ɗaya ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, lasisinta sai daga shugaban ƙasa, kuma fitar da ita daga nan ba izini babban laifi ne. Ko ɗan uwanka na jini ne, a'a.

Ya ce zai dawo ranar Asabar. Ka tanadi ukun a filin harbi na baya, kowacce da harsashi 20, ka tsaya ta hagunsa ka kalli ɗan yatsansa da wuyan hannunsa. Kafin ku kai ga maganar kuɗi, ka tambaye shi ko akwai yara a gidan. Na ga kujerar jariri a bayan motarsa jiya. Ka sauko da ƙaramin akwatin ƙarfen nan mai makulli da ke saman shelf ka haɗa masa a lissafi, in kuɗinsa bai kai ba ka rubuta shi a kaina.