In sayar da Boxer ɗina in sayi babur mai caji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan acaɓa ne a Agege, ina kuma kai wa wasu shaguna saƙo wajen Abule Egba da Iyana Ipaja. Tun da fetur ya yi tsada ribar ta ragu ƙwarai. Wani ya kawo min tallan babur mai caji, ya ce babu sayen mai, babu juyen baƙin mai, babu zuwa wurin makanike. In sayar da Boxer ɗina in saya? Kuma ina so in sa masa tiraka (na'urar gano inda babur yake) da cajar waya da ƙarin fitilu da rediyo, shin za su cinye batirin? Daga wani mai karatu a Zangon Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kada ka sayar da Boxer ɗin nan tukuna. Ba don babur mai caji ba shi da kyau ba ne, yana da kyau, kuma ina cikin masu son ganin ya yaɗu. Amma kafin ka tambayi wane babur za ka saya, tambayi kanka a ina zai riƙa samun wuta kullum, domin nan ne riba ko asara take.

Mu fara da lissafi. Yawancin baburan aiki masu caji suna ɗauke da batir mai bolt 72 da amfiya 40 ko kusa da haka. Idan ka ninka su, za ka samu kusan yunit 3 na wutar mita. Da wannan, babur mai ɗauke da kai da fasinja zai yi kamar kilomita 70 a titin Legas, ko ƙasa da haka idan kana yawan buɗe wuta. Kada ka kula da adadin da aka buga a takardar talla, galibi ana gwada shi ne da mutum ɗaya marar nauyi a kan shimfiɗaɗɗen titi. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa kusan 210. Ko da wannan farashi mafi tsada, cika batirin zai ci maka kamar naira 700. Shi kuwa Boxer, a kilomita 70 ɗin nan zai sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka ninka da abin da ka biya a gidan mai jiya. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, wannan tazara ta buɗe sosai. To a nan mai tallan bai yi ƙarya ba. Haka kuma gaskiya ne babu baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kabireta, babu kuloc.

Sai dai duk wannan lissafin ya dogara ne a kan wutar NEPA. Band A su ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kuma ba kowane layi ne yake ciki ba. Idan wutar gidanku ba ta tsayawa, ka koma caji da janareta, to ribar ta tafi gaba ɗaya. Ƙaramin janareta da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita guda, wato sai ka ƙona kusan lita biyu kafin batirin ya cika, daidai abin da Boxer ɗinka zai sha ya yi tafiyar da kansa. Ga shi cajar mai amfiya 10 tana jan wat 800 da ɗoriya, ƙaramin janaretan nan da ake ratayawa a hannu ba zai ma ɗauke ta ba. Ka haɗa da lokaci: awa huɗu zuwa biyar kafin ya cika. Ɗan acaɓa mai neman na kansa yakan wuce kilomita 100 a yini, ka ga ke nan caji ɗaya ba zai kai ka dare ba, sai ka ajiye babur da rana tsaka kana kallon fasinja suna wucewa.

Akwai kuma batun gidan haya. Da yawanmu a nan ɗaki ɗaya muke, mita ɗaya ga gida duka, kowa na haɗa kuɗin wuta a ƙarshen wata. Ranar da maƙwabta suka ga yunit na gudu saboda babur ɗinka, rigima ta taso. Kuma ina roƙon ka da Allah, ko ka saya, kada ka riƙa cajin batirin litiyom a ɗakin da kuke kwana, balle a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita. Idan ya kama da wuta ba ya jin yayyafin ruwa, hayaƙinsa kuma guba ne.

Saboda waɗannan matsaloli ne wuraren da abin ya karɓu suka bi hanyar musayar batir. Ka shiga tasha da batirin da ya ƙare, a ba ka cikakke, ka biya kuɗin wutar, cikin 'yan mintoci ka kama hanya. Batirin na kamfani ne, idan ya tsufa su ya shafa. Haka kamfanin Ampersand ke yi a Kigali, har gwamnatin Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a birnin daga Janairun 2025. Kamfanin Spiro ya faro daga Benin da Togo, ya shigo Najeriya ta Jihar Ogun. Kamfanin MAX da aka kafa a nan Legas a 2015 shi ma yana harkar babura masu caji. Idan mai tallan naka na irin wannan tsari ne, ka hau Boxer ɗinka ka je ka ga tashar da idonka. Ka je da safe lokacin da kowa ke fita, ka koma bayan magariba, ka ga ko akwai cikakken batir a ƙasa ko layi ake yi. Ka tambayi mahayan da ka tarar nawa suke kashewa a yini. Idan tasha ɗaya ce tak a duk zagayenka daga Agege zuwa Iyana Ipaja, ka sani ranar da ta rufe kai ma ka tashi aiki. Ka kuma karanta yarjejeniyar da kyau, ko ka sa a karanta maka, domin yawancin baburan da ake bayarwa a biya kaɗan-kaɗan ana iya kashe su daga ofis idan balas ya makara.

Idan kuwa babur ne da batirinsa za ka saya gaba ɗaya, to batirin shi ne cinikin. Yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin babur, wani lokaci fiye. Na dalma, irin mai nauyin nan, caji 300 zuwa 500 yake yi ya gaji, ga ɗan acaɓa shekara guda ke nan ko ƙasa. Nau'in litiyom da ake kira LFP yana kai caji 2,000 ko fiye, kuma ya fi sauran jure zafi, shi nake ba da shawara. Abin da ya fi damuna shi ne batiran haɗin gida. An taɓa kawo min wani da mai shi ya ce wata uku da saye amma ba ya kai shi ko'ina. Akwatin sabo fil, har da leda a jiki. Da na kwance shi sai ga tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta, launi daban-daban, wasu da tsatsa a baki, an ɗaure su da baƙin salatif. Mutumin nan filinsa na gida ya sayar ya saya. Don haka ka nemi takardar garanti a rubuce, mai faɗin shekarun batirin daban da na babur, ka kuma tambaya a wane shago za ka samu kwanturola da caja idan sun ƙone. Kayan Boxer ko TVS kowane lungu akwai su, kowane yaron makanike ya san cikinsu. Na mai caji ba haka ba ne har yanzu, kuma "babu makanike" da aka gaya maka ba daidai ba ne: taya, birki, boris da shokozoba duk suna nan suna jiran ramukan titi.

Ruwa ma abin dubawa ne. Ka san yadda titunanmu ke zama a Yuni da Yuli. Babur mai moto a cikin tayar baya shi ya fi shan wahala, ruwa na bi ta gefen aksul ya kwanta a ciki ya yi tsatsa. Wanda motonsa ke tsakiya yana jan sarƙa ya fi dacewa da kaya da hawa da ambaliya. Idan ka ga an rubuta IP67 a jikin batir, ma'anarsa ya jure zurfin mita ɗaya na rabin awa sa'ad da yake sabo, ba izinin shiga kwata kullum ba ne.

Sannan doka. Daga 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, daga 1 ga Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin, ga manyan tituna da gadoji da tun can an hana. Kada wani ya ce maka mai caji ya tsira, ɗaukar fasinja a babur aka hana, kuma babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Ga masu kai saƙo, doka ta ce girman injin ya kai cc 200 kafin ya hau babban titi. Mai caji ba a auna shi da cc, saboda haka kada ka biya ko kobo sai mai sayarwa ya nuna maka lamba da takardun da wani mahayi ke aiki da su yanzu haka.

Game da kayan ƙari, ka kwantar da hankalinka, ba su ne ke cinye batir ba. Cajar waya wat 10 ce zuwa 15, tiraka ba ta kai haka ba, alhali moton na jan dubbai. Haɗarin yana wurin haɗin waya. Batirin bolt 72 ne, kayan nan kuwa bolt 12 suke so, dole su bi ta na'urar da ke sauke wutar, kuma kowanne da fis ɗinsa. Wasu masu rewaya sukan huda akwatin batir su ja wuta daga 'yan ƙwayoyi kaɗan, wannan yana karkatar da batirin ya kashe shi da wuri, garanti kuma ya tashi. Tiraka ita ce ta farko a wurina, ko a Boxer ɗin ma ka sa, a ɓoye ta nesa da inda ɓarawo ya saba dubawa, ka riƙa zuba wa layinta data. A Boxer ka lura, batirinsa ƙarami ne, idan ka ajiye shi kwanaki tiraka na iya zuƙe shi. Mariƙin waya ka sayi mai roba a ƙasa, domin kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur na lalata kyamarar waya. Fitila ɗaya mai kyau da aka saita ta kalli ƙasa ta isa, masu walƙiyar nan makantar da na gaba suke yi. Rediyo kam ka bar shi. Mai caji ba shi da ƙara, masu tafiya a ƙasa ba sa jin zuwanka, kai ma kana buƙatar kunnenka don jin motar danfo a bayanka. Kuɗinsa ka ƙara ka sayi hular kwano ta kirki da hon mai ƙarfi.

Idan kana cikin masu loda babur a tirela su tafi gida noma da damina, ka saka wannan ma a lissafi, batirin musaya ba ya aiki inda kamfanin ba shi da tasha. Abin da zan so ka yi shi ne ka karɓi haya na sati biyu in suna bayarwa, Boxer na ajiye, ka riƙa rubuta kuɗin caji da lokacin da ka ɓata a layi da abin da ka koma gida da shi kowace rana, sannan ka gwada da na satin da ka yi da fetur. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya.