Fitsari Ya Yi Duhu Bayan Motsa Jiki: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, na daɗe ban motsa jiki ba, shekaranjiya na yi tsallen kwaɗo da ɗaga ƙarfe har na kasa tashi. Cinyoyina sun kumbura, fitsarina kamar ruwan shayi. Gajiya ce?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ya wuce gajiya, ka tafi asibiti yau. Idan tsoka ta yi aikin da ya fi ƙarfinta, sai ta farfashe ta zubar da abin da ke cikinta a jini. Likitoci na kiran wannan rabdomayolisis. Cikin abin da ke zuba akwai mayoglobin, wani furotin na cikin tsoka, shi ne ke rina fitsari, yana toshe ƙananan bututun ƙoda har ta daina tacewa. Akwai kuma sinadarin fotasiyam, wanda yawansa kan rikita bugun zuciya. Alamomin sukan fito bayan awa 24 zuwa 72, shi ya sa mutane ba sa danganta su da atisayen. Za a yi maka gwajin CK, wani sinadari da ke yawaita a jini idan tsoka ta farfashe, da na ƙoda. Idan CK ya haura ninki 5 na yadda aka saba, ciwon ne. Magani ƙarin ruwa ne ta jijiya, leda bayan leda, ana auna fitsari. Wanda ya makara kan kai ga wankin ƙoda.

Tambaya: Zan iya shan diclofenac don ciwon jikin?

Amsa: A'a, Malam. Shi da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga ta kuma tana cikin wahala. Paracetamol ya fi sauƙin haɗari. Tramadol kuwa ɓoye zafin zai yi, ka ci gaba da yi wa tsokar illa.

Tambaya: Ɗana zai shiga horon soja, jininsa AS ne. Akwai fargaba?

Amsa: Hajiya, yawancin masu AS, wato waɗanda suka gaji ƙwayar sikila ta ɓangare ɗaya kawai, suna gama horo lafiya, amma haɗarinsu na farfashewar tsoka ya ɗan fi na sauran, musamman a zafin rana da ƙishirwa. Ya sanar da likitan sansanin. Tun yanzu ya fara gudu kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa mako-mako, da sassafe ko da yamma. Ya riƙa shan ruwa har fitsarinsa ya yi haske. Kada ya yi atisaye mai tsanani yana azumi ko yana zazzaɓi. Idan ƙafafunsa suka mutu ana tsakiyar gudu, ya tsaya nan take, ko da za a kira shi rago.